Kun Tambaya, Mun Amsa: Ɗauko Mata da 'Ya'ya Zuwa Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata uku da samun katin zaman dindindin na Amurka, wato girin kad. Bara aka ɗaura mini aure ba na nan, wakilina ne ya karɓa. Matar tana da yaro ɗan shekara 9 daga aurenta na fari. Zan iya ɗauko su su biyun?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya, amma akwai ƙullin da sai ka kwance tukuna. Dokar shige da fice ta Amurka ba ta amincewa da auren da aka ɗaura ɗaya daga cikin ma'auratan ba ya wurin, sai idan sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. Haɗuwar da aka yi kafin ɗaurin ba ta shiga lissafi. In ba ka je ba tukuna, to ka je, kuma ka adana shaida: hatimin shiga da fita a fasfonka, tikitin jirgi, hotunanku tare. Ka tanadi takardar auren, da takardar da ke nuna aurenta na fari ya ƙare kafin naku.

Daga nan sai ka cike fom I-130, wato takardar nema wa iyali izinin zama, ka tura wa USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka. Da yake kai mai girin kad ne ba ɗan ƙasa ba, matarka tana rukunin F2A, mai ƙayyadadden adadin biza a shekara, don haka kan yiwu ta jira layi. Ranar da aka karɓi takardarka ita ce gurbinku a layin. Yaron zai iya bin bayan mahaifiyarsa a takarda ɗaya.

Ga inda mutane ke tuntuɓe. Idan ka zama ɗan ƙasa ana cikin jira, matarka ta fita daga layi, wanda alheri ne, amma yaron ba zai ƙara iya raɓewa a takardarta ba. Dole ka cike masa I-130 nasa daban. Kana da wannan damar ne domin an ɗaura auren kafin ya cika shekara 18, shi ya sa doka ke ɗaukar agolan naka a matsayin ɗanka.

Sai batun kuɗi, fom I-864, wato takardar alƙawarin ɗaukar nauyinsu. Ana so kuɗin shigarka ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci da gwamnatin tarayya ke sabuntawa duk shekara, gwargwadon yawan mutanen gidanka. A ƙidayar har da kai, da matar, da yaron, da duk wanda ka sa a takardar harajinka. In bai kai ba, za ka iya samo wani ɗan ƙasa ko mai girin kad ya tsaya muku, amma shi ma sai samunsa ya cika sharaɗin shi kaɗai. Ka faɗa masa gaskiya kafin ya sa hannu: alƙawari ne da ake kai mutum kotu a kansa, kuma ko aure ya mutu yana nan. Yakan ƙare ne idan matar ta zama 'yar ƙasa, ko ta tara zangon aiki 40, kimanin shekara goma ke nan.

In ta shiga Amurka auren bai cika shekara biyu ba, katin wucin gadi na shekara biyu za a ba ta. Ku cike I-751, fom ɗin neman mayar da katin na dindindin, tare cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare.

Tambaya: Yayana yana da mata biyu. Wacce zai iya nema wa?

Amsa: Uwargidan kaɗai. Auren ta biyu ba shi da gurbi a dokarsu muddin na farko yana raye lokacin da aka ɗaura shi, kuma sakin ta farkon daga baya ba ya gyara shi, sai an sake sabon ɗauri. Wanda kuma aka gane zai shiga ƙasar ne don ci gaba da zama da mata fiye da ɗaya, ana hana shi biza. Kada ya kuskura ya ɓoye ɗaya a fom, domin ƙarya a muhimmin bayani na jawo haramci na har abada. 'Ya'yan amaryar kuwa yana iya nema musu da sunansa, sai dai a tsananta duba shaidar haihuwa, wani lokaci har a ba da shawarar gwajin DNA.

Tambaya: Ni 'yar ƙasa ce. Ina da 'ya mai shekara 20, da kuma ɗan ƙanwata da nake riƙo tun yana goye.

Amsa: Hajiya, ki gaggauta da ta 'yar. Wata doka ta 2002 tana tsayar da shekarun 'ya'yan 'yan ƙasa a ranar da aka shigar da I-130. In kin shigar kafin ta cika 21, ta tsira daga dogon layi ko da aikin ya ja lokaci, da sharaɗin kada ta yi aure kafin ta samu katin. Ɗan riƙo kuwa, riƙo kawai bai isa ba. Sai an mayar da shi ɗanki ta hanyar doka kafin ya cika 16, kuma ya yi shekara biyu a hannunki bisa izinin hukuma, kuna zaune gida ɗaya.