Me ya sa Gusau ta tsere wa Anka?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa Gusau ta fi Anka girma, alhali a Anka Sarkin Zamfara yake zaune. Ai ba tsufan gari ke jawo jama'a ba, kuɗi ne da mulki. Turawa na neman auduga da gyaɗa, sai suka shimfiɗa layin dogo daga Zariya, ya ratsa Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Inda jirgi ke tsayawa nan fatake ke sauke kaya, nan ake kafa sikeli, nan baƙi daga kudu suka yi Sabon Gari. Anka kuwa dogon bai bi ta kanta ba.

Sai 1996, Abacha ya ƙirƙiro Zamfara, aka ce Gusau ce hedikwata. Ga kuma dokar filaye ta 1978 da ta danƙa ƙasar birni a hannun gwamna, shi ke sa hannu a takardar mallaka. Gonar da kakanmu yake noma gero a bayan gari, yanzu an yanka ta fuloti-fuloti, an zagaye da katanga da ƙofar ƙarfe. Diyyar da aka ba mu ko ɗaki guda ba ta gina ba.