Zauren Fasaha: Ba duk zanen katun ne na yara ba

Tambaya: Wayata tana yin zafi sosai in na sa caji, wani lokaci har ta mutu. (Mai karatu daga Runjin Sambo)

Amsa: Malam, a bazarar Sakkwato kana caji kana kallon TikTok, wayar kuma tana sanye da rigar roba mai kauri, me kake so ta yi? Cire mata rigar, ajiye ta kan siminti a inuwa, ƙyale ta ta cika. Cajar bakin titin nan kuma ka rabu da ita.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ɗauki wayar ɗana da ke sakandare, sai na ga wani gem mai zane kamar katun: an ɗaure mace da igiya, wani yana ba ta umarni, tana kiransa ubangida. Ya ce wasa ne kawai, abokinsa ya tura masa. Na duba Play Store ban gan shi ba. Mene ne wannan? (Wata uwa daga Mabera)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba za ki gan shi a can ba, domin ƙa'idar Google ta hana sa manhajar batsa a Play Store. Abin da kika gani shi ake kira BDSM, wato mu'amalar da ɗaya ke juya ɗaya da ɗauri da horo da umarni. Irin waɗannan gem ba manyan kamfanoni ke yin su ba. Mutum ɗaya ko biyu ne a ɗaki da kwamfuta, sau da yawa da Ren'Py, manhajar kyauta ta haɗa labari mai hoto da ke nan tun 2004, wadda kuma ke iya fitar da fayil ɗin APK, wato wanda ake girka manhaja da shi a wayar Android. Sai su ɗora a itch.io ko Steam, shafukan intanet da ake sayar da gem ko sauke shi.

Wasu masu yin su suna nuna manya biyu da suka yi yarjejeniya tun farko, har da kalmar da in ɗaya ya furta ake dakatawa nan take. Wasu kuwa, kuma su suka fi tayar mini da hankali, tilas zalla suke nunawa a matsayin so: mace ta ce a'a, labarin ya ci gaba kamar ba ta ce komai ba. Babu ɗaya cikin biyun da ya dace da yaro. Nan ne kuma gem ya fi fim illa. Fim kallo ake yi. A gem zaɓi biyu ke fitowa a ƙasan allo, yaron ne da yatsansa ke danna wanda za a aikata, sannan a saka masa da sabon hoto.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne iyaye da sun ga manyan idanu da gashi mai launi sai su ce katun ne, su juya baya. Haba jama'a! Tun 2018 Steam ya buɗe ƙofa ga gem na manya zalla. A Yulin 2025 wata ƙungiya ta Ostireliya mai suna Collective Shout ta matsa wa kamfanonin katin biyan kuɗi, Steam ya cire wasu, itch.io ya ɓoye nasa daga wurin bincike. Amma wanda ya riga ya zama APK yana nan yana yawo a Telegram, daga nan Xender ta kai shi waya goma kafin a tashi makaranta, ko data ba a taɓa ba. Wasu ma a shagon tura fina-finai ake zuba musu shi cikin "sababbin gem". Irin wannan fayil kan zo da ɓarawo a ciki, mai karanta saƙon lambar sirri na banki.

Ki goge gem ɗin, ki kuma goge APK ɗinsa a ma'ajiyar fayil, in ba haka ba gobe ya dawo. Ki shiga saiti ki janye wa Xender da Telegram da Chrome izinin girka manhaja, ki tabbatar Play Protect, mai gadin Google da ke binciken manhajoji masu cutarwa, a kunne yake. Sannan ki haɗa wayarsa da taki ta Family Link, manhajar Google da iyaye ke sa ido kan wayar yara da ita, da saninsa. Kada ki fara da bulala, Hajiya, domin wanda aka daka ɓoyo yake koya. Zaunar da shi ki tambaye shi me ya fahimta da abin da ya gani. Dokar da nake nanatawa kullum kuma tana nan: bayan sallar isha'i duk wayar yara a falo take kwana.

Tambaya: Wayata kullum tana cewa wuri ya cika. (Mai karatu daga Arkilla)

Amsa: Zaurukan WhatsApp talatin, kowane da bidiyon barka da Juma'a. Kashe saukewa ta kai-tsaye, ka share tsofaffin.