Amsa ga ƙanwata kan fargabar tuƙi kafin ta zo Ingila

Assalamu alaikum, ƙanwata.

Saƙonki ya iso ni, kuma na yi farin ciki da gurbin karatun da kika samu a Ingila, Allah ya sanya albarka a ciki. Kin ce kina da lasisi, amma tun ranar da wata tirela ta matse ki a hanya har kika kusa sauka daga kwalta ba ki sake riƙe sitiyari ba, kuma da zarar an ambaci tuƙi sai gabanki ya faɗi, hannuwanki su ɗauki rawa. Kin kuma ji cewa a nan ta hannun hagu ake tafiya, shi ya sa kike tambaya ko ki haƙura da tuƙi gaba ɗaya, ko kuwa ki jira har tsoron ya gushe da kansa tukuna.

Ba zan ba ki shawarar ko ɗaya daga cikin biyun ba. Gaskiya ne ɗalibar da ke zaune a babban birni irin Landan ko Manchesta tana iya gama karatunta da bas da jirgin ƙasa ba tare da ta taɓa mota ba, kuma idan haka ya fi miki sauƙi a shekarar farko, babu laifi a ciki. Sai dai ina so barin motar ya zama zaɓinki ne, kada ya zama tsoro ne ya yanke miki hukunci, domin wata rana aiki zai iya kai ki ƙaramin gari inda bas ba ya yawan zuwa, ko a ba ki aikin dare, a lokacin kuwa za ki so a ce kin riga kin magance matsalar.

Jiran da kike tunani shi ne ya fi damuna. Abin da ke faruwa a jikinki sananne ne ga likitoci: idan ƙwaƙwalwa ta ɗauka akwai haɗari, sai jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, tafin hannu ya yi gumi, ido ya tsaya a kan abu guda. Duk lokacin da kika ji haka kika fasa fita da mota, sai ki ji sanyi a ranki nan take, wannan sanyin kuwa shi ne yake koya wa ƙwaƙwalwa cewa gudun da aka yi ne ya tsirar da ke. Saboda haka kowane fashi ƙara wa tsoron ƙarfi yake yi, kuma wadda ta yi shekara tana jira takan tarar abin ya fi yadda ta bar shi. Hanyar da masu kula da lafiyar tunani suke bi wajen magance irin wannan fargaba ita ce komawa ga abin da ake tsoro daki-daki, a fara da mafi sauƙi, a maimaita shi har jiki ya daina ɗaukarsa a matsayin haɗari, sannan a matsa gaba. Ƙarfin gwiwa bayan aikin yake zuwa, ba ya riga shi.

Ga yadda nake ganin ya kamata ki tsara shi, tun kina gida ma kafin ki taso. Ki fara da zama a kujerar direba mota na tsaye, ki daidaita kujera yadda ƙafarki za ta danne birki har ƙasa ba tare da kin miƙe ba, ki gyara madubai, ki tayar da injin, ki zauna har bugun zuciyarki ya lafa. Daga nan ki koma wani fili marar jama'a ki yi ta tashi da tsayawa, ki yi ribas, ki yi kwana, musamman ki gwada taka birki da ƙarfi a ƙaramin gudu, domin yawancin masu fargaba ba su taɓa jin yadda motarsu take tsayawa cak ba, don haka a zuciyarsu suna ganin kamar ba za ta tsaya ba. Sai titin unguwa da sassafe, sai titi mai danja, sai lokacin cunkoso, sai dare, sai ruwan sama. Sharaɗin kawai shi ne kada ki bar mataki alhali tsoro na kan ganiyarsa. Idan ya taso, ki nemi wuri mai aminci ki tsaya, ki ja numfashi ta hanci ki sake shi a hankali yadda fitarsa za ta fi shigarsa tsawo, ki sassauta riƙon sitiyari, sannan ki ƙarasa tafiyar ko da gajeriya ce. Tuƙi na minti 20 kusan kullum ya fi amfani a kan na sa'o'i uku sau ɗaya a wata. Ki kuma lura da wanda zai zauna kusa da ke, domin ɗan'uwa mai tsawa da kai hannu ga sitiyari yana iya rushe abin da kika gina a mako guda, komai kyawun niyyarsa.

Amma natsuwa ita kaɗai ba ta isa ba, dole a haɗa ta da ƙwarewa, kuma a ganina ƙwarewar tuƙi yawancinta a ido take da kuma tazara. Mai tsoro yakan kafe idonsa a bayan motar da ke gabansa, don haka komai ya faru sai ya zo masa ba zato. Ƙwararre kuwa nesa yake kallo, yana ganin danjar da ta daɗe a kore ya san ta kusa canzawa, yana ganin bas ta tsaya ya san wani zai iya ɓullowa ta gabanta, yana kuma duba madubi kafin ya ba da sigina, kafin ya rage gudu, kafin ya canza layi. Akwai dabarar da masu horar da direbobi suke amfani da ita wadda nake so ki gwada, wato ki riƙa faɗin abin da kike gani da baki: ga mahaɗa a gaba, ga mai keke a hagu, motar bayana ta matso, zan rage gudu. Bakin da ke lissafa abin da ke kan hanya ba ya barin zuciya ta shiga saƙa mugun abin da zai iya faruwa.

Game da tazara, littafin dokokin hanya na Birtaniya, wanda ake kira Highway Code, ya ba da ƙiyasin cewa mota mai gudun mil 30 a sa'a, wato kimanin kilomita 48, tana bukatar mita 23 kafin ta tsaya, mai gudun mil 70 kuma tana bukatar mita 96. Shi ya sa ake koyar da barin tazarar daƙiƙa biyu aƙalla tsakaninki da motar gaba: ki zaɓi wani turke ko allo a gefen hanya, idan ta wuce shi ki ƙirga, kada ki iso shi kafin daƙiƙa biyu su cika. Idan hanya ta jiƙe a ninka tazarar, idan kuma ƙanƙara ta daskare a kan kwalta nisan tsayawa yana iya ninkuwa har sau goma. Wadda ta bar wa kanta wannan fili ta sayi lokacin tunani, kuma rashin lokacin tunani shi ne rabin abin da ke firgita sabon direba. Tunda tirela ce ta tsorata ki, ki riƙe wannan: babbar mota tana da wurare a gefenta da bayanta inda direbanta ba ya ganin kowa, kuma tana buɗewa sosai kafin ta sha kwana. Idan ba kya hango madubinsa, shi ma ba ya ganinki. Kada ki jera da ita kafaɗa da kafaɗa, ko dai ki tsaya a baya da nisa, ko ki wuce ta gaba ɗaya idan hanya ta ba ki dama. Idan kuma wani ya manne miki a baya yana matsa miki, kada ki ƙara gudu don ki faranta masa, ki ƙara tazarar da ke gabanki, ki bar shi ya wuce inda ya dace.

Maganar hannun hagu ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Sitiyari yana ɓangaren dama na mota, giya tana hannun hagunki, amma kuloci da birki da totur suna nan a jerinsu yadda kika san su. Abin tunawa shi ne kujerar direba ita ce take kusa da tsakiyar titi a koyaushe, idan kika ga kanki kusa da gefen hanya to kin koma hannun da ba naki ba. Ba a cikin cunkoso ake yin wannan kuskure ba, domin a can motoci ne ke nuna miki hanya. An fi yinsa a titin da babu kowa, da asuba, ko lokacin fitowa daga gidan mai ko wurin fakin, inda tsohon sabo yake dawowa ba tare da mutum ya ankara ba. A shataletale, waɗanda suke da yawa ƙwarai a nan, ana zagayawa ne yadda hannun agogo yake tafiya, kuma motocin da ke zuwa daga damanki su ne da hannu. Idan kin wuce mafitarki, ki sake zagayowa, babu wanda zai ce miki komai. Kwanar dama ita ce wadda take ratsa motocin da ke tahowa, don haka ita ce take bukatar haƙuri. Oda kuma ta gargaɗi ce kawai, ba a danna ta don gaggauta mutum, har ma doka ta hana danna ta a cikin gari daga ƙarfe 11:30 na dare zuwa 7 na safe. Wannan shirun da tsayawar mutane a layinsu suna taimakon mai fargaba fiye da yadda za ki zata.

Sai batun doka, wanda ya kamata ki tsara lokacinki a kansa. Cikakken lasisin ƙasarki mai aiki zai ba ki damar tuƙa ƙaramar mota tsawon wata 12 daga lokacin da kika zama mazauniya. Lasisin Najeriya ba ya cikin waɗanda ake musanyawa kai tsaye da na Birtaniya, saboda haka kafin wa'adin ya cika sai kin nemi lasisin koyo daga hukumar DVLA, kin kuma ci jarrabawa biyu da hukumar DVSA take gudanarwa. Ta farko a kwamfuta ake yi, tambayoyi 50 ne ana bukatar ki ci 43, sannan a nuna miki gajerun bidiyo 14 na hango haɗari tun kafin ya ƙaraso, inda ake bukatar maki 44 cikin 75. Wannan kashi na biyu ina so ki ɗauke shi da muhimmanci ko ba don jarrabawa ba, domin shi ne ainihin horon idon da na ambata. Takardar cin wannan jarrabawa shekara biyu take aiki. Ta biyu a kan titi ake yi, kimanin minti 40, ana farawa da karanta lambar mota daga nisan mita 20. Ana yafe ƙananan kurakurai har 15, amma babban kuskure guda ɗaya yana kayar da mutum. Waɗanda suke ci ba su cika rabin masu shiga ba, kuma cikin waɗanda suke faɗuwa har da tsofaffin direbobi da suka zo da halayen da suka saba da su, don haka wadda ba ta ci a karon farko ba kada ta ɗauka tabbaci ne na cewa ba ta iya ba. Samun ranar jarrabawa yakan ɗauki watanni, ki nema da wuri.

Ko da kina cikin wata 12 ɗin nan, shawarata ita ce kada ki fara fita ke kaɗai. Ki nemi malamin tuƙi mai rajista wanda motarsa take da birki a ɓangarensa, ki gaya masa tun ranar farko abin da ya same ki, domin sun saba da masu irin wannan matsala, akwai kuma malamai mata idan hankalinki ya fi kwanciya da mace. Tun shekarar 2018 an yarda mai koyo ya hau manyan hanyoyin da ake kira motorway, inda ake gudun mil 70, muddin yana tare da irin wannan malami a irin wannan mota, kuma ya fi kyau hawanki na farko ya kasance haka. Idan canza giya yana raba miki hankali, ki koya da mota otomatik, amma ki sani lasisin da aka samu da ita bai ba da izinin tuƙa mai giyar hannu ba. Bayan kin ci jarrabawa, duk wanda ya tara makin laifi 6 a shekara biyun farko ana soke lasisinsa, riƙe waya a hannu yayin tuƙi kuwa shi kaɗai maki 6 ne. Ki saita taswirarki kafin ki tashi, ki ajiye wayar. Ki kuma shirya wa hunturu, domin a watan Disamba rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe 4 na yamma, wato tuƙin dare zai same ki ko ba ki neme shi ba.

Akwai iyakar abin da atisaye yake magancewa. Idan ranar tirelar tana dawo miki a mafarki, ko tana faɗo miki a ido kamar yanzu abin yake faruwa, ko numfashinki yana sarƙewa ko da wani ne yake tuƙi, to ki ga likita, kuma wannan ba abin kunya ba ne. A Ingila hukumar lafiya ta NHS tana da sashen jinya ta hanyar tattaunawa wanda mutum yake iya neman shiga da kansa, kuma ɗalibin da ya biya kuɗin lafiya tare da bizarsa yana da haƙƙin amfani da shi. Kada ki karɓi ƙwayar kwantar da hankali daga hannun kowa don ki iya tuƙi, domin da yawansu suna kawo gyangyaɗi da jinkirin taka birki, kuma doka tana hukunta wanda magani ya rage wa iya tuƙi kamar yadda take hukunta wanda ya sha abin maye.

Kafin ki taso, ki tabbata lasisinki ba zai ƙare a cikin shekarar farko ba, ki je a auna idonki, idan akwai bukatar tabarau ki zo da shi. Littafin dokokin hanyar yana nan kyauta a shafin gwamnatin Birtaniya na intanet, ki fara karanta sashen alamomi da na shataletale tun yanzu. Ki kuma rubuto mini garin da makarantarki take, domin mu duba ko za ki bukaci mota tun zangon farko ko kuwa kina da sararin koyo a tsanake.

Allah ya kawo ki lafiya.

Yayarki.