Amsa ga mai tambaya kan hoton taurari

Wallahi ɗan'uwa ina karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta, wai ko hoton ya fito baƙi ƙirin ko taurarin su ja wutsiya, kuma da lens (gilashin gaban kyamara) 18-55 ɗin nan na Canon. Na sha wannan wahalar.

Ni wani ne ya kai ni ya baro, mutumin da nake yi wa kallon oga a harkar. Ya ce in sa ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) a 100, ƙofar lens a f/11 (wato a tsuke), kyamara ta yi sakan 30 tana shan haske, wai hoto zai fito tas. Na hau babur har ƙauyenmu cikin sanyin Janairu, na zauna a gona tun bayan isha har ƙarfe biyun dare, yatsuna sun ƙage, da na dawo na buɗe a kwamfuta babu komai sai duhu. Da na nuna masa dariya ya yi a gaban yaran shago, wai kyamarata ta yara ce. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don daga baya na gano shi bai taɓa ɗaga kyamara sama da dare ba, biki kawai yake ɗauka.

To ka buɗe lens ɗinka gaba ɗaya, f/3.5 a kan 18mm, ISO 1600 ko 3200, kar yashi-yashin da ke fitowa a hoto in ISO ya yi sama ya tsorata ka, ana rage shi a editin in da RAW (ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta matse ba) ka ɗauka. Wutsiyar kuma juyawar duniya ce ke jawo ta. Don ka san iyakar sakan da za ka sa kafin wutsiya ta fito, ka raba 500 da tsawon lens, amma namu ƙaramin sensa ne (abin da ke karɓar haske a cikin kyamara) sai ka fara ninka 18 da 1.6 sannan ka raba 500 da abin da ya fito, zai ba ka kusan sakan 17, ni dai 13 nake sawa hankalina ya fi kwanciya.

Kuma don Allah kar ka yarda da allon kyamara, cikin duhu komai haske yake maka, histogiram za ka duba, wato zanen tudun da ke nuna yawan haske da duhun hoto, kar tudun ya manne a bangon hagu, ɓangaren duhu. Fokas da hannu, ka zuƙo tauraro mai haske a allo ka murɗa har ya zama ɗigo. Ka sa taima sakan biyu don kar danna maɓalli ya girgiza kyamara, ka kashe stabilaiza (abin hana rawar hannu) in kana kan tirafod, wato ƙafa ukun da ake ɗora kyamara.

Af, ranar da na je ƙauyen ma akwai hazo, shi ma ya cuce ni. Ka jira ƙarshen wata lokacin da babu farin wata, ka fita bayan gari nesa da fitilu. Daren da aka yi ruwa gari ya washe, nan na fara samun hoton da na iya nuna wa mutane. Ka gwada ka turo mana mu gani.