Ƙarfin Inji ko Rashin Nauyi: Amsa ga Mai Koyon Kanikanci

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa mai saye a Amurka yake wasi-wasi tsakanin Ford Mustang da Mazda MX-5, alhali ta farkon ta yi wa ta biyun fintinkau a ƙarfin doki. Amsar daga farashi take farawa, domin Mustang mai ƙaramin inji da MX-5 da Toyota GR86 duk a kusa da dala 30,000 aka sayar da sababbinsu a 2024, saboda haka aljihu ɗaya suke zawarci.

Dabarar Amurkawa tun daga Pontiac GTO ta 1964 ita ce a ɗora babban inji a kan mota mai sauƙin kuɗi, a sayar wa matasa gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Mustang ta 2024 mai arha silinda huɗu gare ta da turbo, lita 2.3, doki 315, kuma wanda yake son rurin silinda takwas sai ya ƙara kuɗi mai yawa ya ɗauki GT mai lita 5.0.

Sai dai ina so ka daina fara karanta doki kafin ka duba nauyi. Wannan Mustang ta haura kilo 1,600, yayin da MX-5, wadda Mazda ta fara fito da ita a 1989, ba ta kai kilo 1,100 ba, da doki 181. GR86 tana tsakaninsu da doki 228. Idan ka raba ƙarfin kowace da nauyinta za ka ga tazarar ta ragu ƙwarai, kuma a kwana mai sauƙin jiki ce take bin sitiyari nan take, domin birki da taya da shokozoba ba sa kokawa da lodin da ya fi ƙarfinsu. Mu da muke kwance ƙafafun mota mun san cewa nauyi ne yake cinye birki da taya, kuma mai motar ne yake biya, ga fetur a kai.

Ford ta gane wannan, shi ya sa a 2015 ta cire sandar ƙafar baya guda ɗaya, ta bar kowace ƙafa tana motsi da kanta, don Mustang ta iya kwana. Tana kuma da abin da MX-5 ba ta da shi, wato kujerun baya da but mai ɗaukar kaya, wanda ke jan magidancin da mota ɗaya kawai zai iya riƙewa. Amma ƙaramar Mustang ta 2024 otomatik kaɗai ake yin ta, don haka mai son kulochi da giyar hannu a wannan farashi ya koma wajen Japanawa. Tun da aka daina ƙera Dodge Challenger a ƙarshen 2023, Chevrolet Camaro ma ta tsaya a samfurin 2024, Mustang ce ta rage a lokacin a fagen irin waɗannan motocin Amurka masu babban inji.

Idan mai saye ya nemi shawararka, ka tambaye shi hanyar da yake bi kullum da yawan mutanen da yake ɗauka, sannan ka lissafa masa kuɗin taya huɗu na kowace mota kafin ya biya.