Kafin ki sayi fom ɗin digiri na biyu

Hauwa'u 'yata, na ga saƙonki bayan na sauka daga aikin dare. Kin ce kin gama bautar ƙasa, kuma ranki ya kwanta da digiri na biyu a fannin sarrafa bayanan jinya da kwamfuta, wanda ake kira infomatiks, amma tallan makarantu ya cika miki waya har kin rasa wadda za ki zaɓa. Tambayar ta yi mini daɗi, domin muna ƙishirwar masu wannan ilimi a Kebbi.

Bari in ba ki labarin wani dare a wani asibiti da na taɓa aiki. An kawo mana yarinya daga ƙauye, cikin fari, jininta ya hau, tana jijjiga. Muka fara mata allurar magnesiyam, wadda ake maimaitawa duk bayan awa huɗu, kuma kafin kowace sai an duba numfashinta, yawan fitsarinta da motsin gwiwarta. Sabuwar manhajar da aka kawo mana ta warwatsa waɗannan abubuwa uku a shafuka daban-daban. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, sabis ya tafi. Ƙaramar nas da ke tare da ni ta rubuta lokacin allurar a kan filasta, ta liƙa a ƙarfen gado. Da safe masu karɓar aiki suka duba kwamfuta ba su ga allurar ba, saura ƙiris su ƙara mata wata. Wannan filastar ce Allah ya sa ta zama sanadin tsirarta. Wanda ya tsara manhajar nan ya iya kwamfuta, ban musa ba, sai dai bai taɓa kwana a ɗakin haihuwa ba.

Wannan giɓin za ki je ki cike. Don haka tambayar farko da za ki yi wa kowace makaranta ita ce: a wane asibiti ɗalibanku ke gwada aiki, wata nawa, ƙarƙashin wa? In suka fara kame-kame, ki naɗe tabarmarki. Ki nemi jerin darussan ki karanta da idonki. Ki ga akwai tsara rumbun bayanai, ƙididdiga, nazarin yadda aiki ke gudana a ɗakin marasa lafiya, da tsare sirrin majinyaci, musamman tunda ƙasar nan ta yi dokar kare bayanai a 2023. Ki kuma bincika ko cikin malaman akwai wanda ya taɓa riƙe sirinji.

Kada suna ya ruɗe ki. A Amurka ƙungiyar nas-nas ta amince da wannan fanni a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta tun 1992, shi ya sa kwasa-kwasansu suka fi yawa a intanet. Amma an gina su ne a kan dokokinsu da tsarin inshorarsu, kuɗin kuma da dala ake biya. Mu kuwa alƙaluman da muke tarawa daga rajista duk ƙarshen wata, a DHIS2 ake shigar da su, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita. Kwas ɗin da zai sa ki ƙware a kanta ya fi mana amfani, ko da sunansa bayanan lafiya gaba ɗaya ne, babu kalmar jinya a ciki. Ki dai bambance shi da aikin jami'an ajiyar fayil, waɗanda ke da tasu hukumar rajistar.

Sai maganar takarda. In jami'ar gida ce, ki tabbatar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta amince da wannan kwas ɗin kansa, ba jami'ar kaɗai ba. In ta waje ce, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance shaidar. Kin dai tuna a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Togo da maƙwabciyarmu Benin, mutane da dama suka shiga zullumi. Lasisinki na Majalisar Nas da Ungozoma kuma kada ki bari ya mutu.

Kuɗi: tallafin karatu na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa ilimi mai zurfi, na ma'aikatan manyan makarantu ne, ke a asibiti kike. Ki nemi hutun ƙaro karatu a rubuce, ki karanta sharaɗin shekarun da za ki dawo ki yi musu kafin ki sa hannu.

Shawarar da na san ba za ta yi miki daɗi ba ita ce ki ƙara shekara biyu a bakin gadon majinyata tukuna, har da aikin dare. Ki sayi ƙaramin littafi, duk inda rubutu ya ci miki lokaci ko bayani ya ɓata wajen miƙa aiki, ki rubuta. Daga cikinsa za ki fitar da batun bincikenki.

Ranar da za mu haɗa rahoton wata, ki biyo ta ofishina bayan Azahar da takardun makarantun nan, mu duba su tare. Ki gaishe mini da Hajiya.