Ɗiyata kullum ciwon kai, kuma ta daina hira

'Yar'uwa, kin ce ɗiyarki mai shekara 15 ta kusa wata biyu tana kukan ciwon kai da ciwon ciki, an yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba, ga shi ta ƙule a ɗaki. Kina tambaya ko lalaci ne.

Ni dai ban ga lalaci a nan ba. Ciwon damuwa a jikin matashi ba kullum yake zuwa da hawaye ba. Sau da yawa saurin fushi ne, barci ya birkice, abinci ya fita rai, sai kai da ciki su ɗauka. Ciwon kuma na gaske ne, ba ƙarya take yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 7 na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Ki lura da ƙananan abubuwa: ƙawarta ta kira, ta kife wayar, kwanon abinci ya dawo yadda aka kai shi. Irin wannan in ya wuce mako 2, likitoci ba sa wasa da shi.

Ki koma asibiti ki faɗa wa likita canjin halinta, ba ciwon kai kaɗai ba, a kuma duba ƙarancin jini. Ki zauna kusa da ita ba tare da faɗa ba, ki tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta cusa wannan tunani. In ta ce e, kada ki bar ta ita kaɗai, ku tafi asibiti a ranar.